Mai Raba Wuta

Boswajar Baba Tanimu ta yi shiru a Tudun Wada,
ita da ba ta shan ruwa, iska ke sanyaya ranta.

Na ce a sauke inji.
Jatau bakanike ya ɗaga murfin baya, yana dariya:
“Dusturbuta ce, yaro.
Gida huɗu take kai wa wuta, kowa da lokacinsa.”

Ya ƙi sabuwar da na sayo a Sabon Gari,
wai ƙyalli ne, lambarta ba ta dace ba.
Ya goge kwantak da samfefa,
ya auna giɓi da kwalin ashana,
ɗigon mai guda,
ya murɗa tsohuwar kaɗan, ya kasa kunne.

Ta yi tari. Ta sake. Ta ɗauka.

Har Kwangila ban ce uffan ba.