Aikin Dare a Huntsville

Ƙarfe uku saura, shayina ya huce.
A allo na huɗu Corwin yana shawagi,
ƙafa ɗaya maƙale a madauki,
jemagen da ya manta ina ne sama.
Na ce, tire na shida, duba min saiwar.
Ya ce, ta karkace.

Babana mai lambu ne a Kadawa.
Yakan ce saiwa ba ta ɓatan hanya,
ko makaho ya shuka, ƙasa za ta nufa.
Baba, ga barkono goma sha biyu
da ba wanda ya nuna musu ƙasa.
Lalube suke, kowanne da alƙiblarsa.

Ruwa ma can ba ya zuba.
Dunƙulewa yake, ya tsaya yana rawa,
sai an bi shi da sirinji.

Corwin ya rubuta lamba,
ya je ya ɗaure kansa a injin gudu
don kada ƙashinsa ya zaizaye.
Tun da na zauna rana ta fito masa sau uku,
ni ko ɗaya.

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo, haka aka ce mana.
Wannan jifan shekara da shekaru yana faɗowa,
bai iso ba.

Da asuba na fita wajen motoci,
raɓa a gilashi, sallayata a hammata.
Ga shi can, ɗigon haske, ba ƙyaftawa,
ya ratsa kan itatuwan Monte Sano
da barkonona a ciki.
Ban ɗaga hannu ba.
Na dai tsaya har ya shige.