Rigunan Elikplim

Akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona a Aneho
warin kafur yake yi, da na gishirin teku.
Riguna tara ne a ciki, duk lamba huɗu,
ban da guda, mai ashirin da shida,
ta shekarar da benci ya cinye masa wando.

Ni ce Dzigbodi, yayarsa. Ni na goya shi.
Hayaƙin kifin da nake ƙyafewa
shi ya fara shaƙa kafin ya san ƙamshin ciyawa.

Tun yana ƙarami bai son gaba.
Yara na rububin ci a kan rairayi,
shi yana baya, tsakanin kwale-kwale biyu,
ya kafe kamar turken ɗaure jirgi.
Babanmu, mai ɗinkin koma, ya dube shi ya ce:
"Wannan nawa ne. Mu sana'armu toshe ɓula."

Ta fari koriya ce, ta wata ƙungiya a Lome,
albashinta kuɗin acaba da malmala biyu ta akume.
Ta biyu fara, daga Tunisiya,
wata biyar ba a biya shi ba
amma ya aiko wa Mama atamfa, ban san da me ya saya ba.
Ta Beljiyam mai dogon hannu ce.
Ya kira ni da tsakar dare, haƙora na haɗuwa:
"Yaya, a nan rana ma bargo take nema.
Aiko min yaji."
Na aika. Aka ƙwace a filin jirgi.

Sauran, Oman ne da wasu garuruwa
da harshena ya ƙi ɗauka.

Ga kuma mai ruwan ɗorawa, ta ƙasa.
Ranar na kashe murhu, na shiga motar farko zuwa Kege.
Da aka busa taken, leɓensa rawa yake,
ƙaton da 'yan gaba ke tsoro.
Saura minti biyu, gola ya faɗi, raga a buɗe,
ƙwallo na tafe kamar an aike ta.
Ya sa goshi. Takalmin wani ya sa baki.
Haƙori ɗaya ya bari a kan layin,
har yau yana can ƙarƙashin ciyawa.

Washegari jarida ta buga hoton wanda ya ci.
A gefe, can ƙurya, akwai gwiwar hannu.
Na gane ta da tabon garwashina.
Na yanke, na ajiye.

Wasa arba'in da ɗaya ya yi wa Togo.
Guda mutane suka riƙe:
daren da ruwan sama ya murɗe ƙwallo
ta goge ƙaurinsa ta shige gidansu.
Mako uku a kasuwa ana tayin kifina da dariya.
Wata ta ce, "Shi ma wannan da kansa ya faɗa raga?"
Na ba ta canjinta cif, ban ce uffan ba.
Mai tsaron baya, abin da ya hana ba ya da hoto,
wa zai tafa wa abin da bai faru ba?

Gwiwa ce ta maido shi, ba shekaru ba.
Ya sauko da sanda da jaka ɗaya,
ya tarar teku ta cinye ɗakin Baba
da rabin filin da ya koyi tsayuwa.

Yanzu da asuba za ka gan shi bakin ruwa
yana ɗingishi, yana jera duwatsu da buhunan yashi,
yana yi wa samari tsawa:
"Ku matso! Kar ku bar rata!"
Igiya ta zo, ta koma, ta sake zuwa.

Na ce masa, "Wannan ba ta gajiya, Eli."
Ya yi dariya da giɓinsa,
ya ce in zuba masa koko, kar in cika sukari.