Shekara Ɗaya a Zuhal

An ɗauke wuta a Kakuri tun la'asar,
janareton maƙwabci ya yi tari biyu ya mutu.
Walida ta baje littafi a tsakar gida,
cocila a haƙori, tana karatu ta hanci.
Na ce, cire abin nan ki faɗa mini da baki.

Ta ce, Kaka, duniyoyi takwas ke kewaya rana,
kowace da layinta, ba mai shiga na wata.
Na ce, ashe ba direbobin Kawo ba ne.
Ko murmushi. Gobe jarrabawa.

Uɗarid, in ji ta, kwana tamanin da takwas
ya gama shekara, ya sake ɗaura ɗamara.
Na san irinsa.
A masaƙa, mazarin da ke kusa da inji
shi ya fi rawar jiki, shi ya fi shan zafi.

Zara fa, wadda muke kira matar wata?
Ta ce ba ruwanta da wata, rana take bi,
kwana ɗari biyu da ashirin da biyar,
kuma kafin ta juya a kanta sau guda
ta riga ta gama zagayen.
Yini ya fi shekara tsawo kenan.
Wannan ba sai Malam Yunana ya koya mini ba,
na tsaya layin neman haƙƙina a bakin ƙofar kamfani.

Mirrihu ja ne kamar ƙasar bulo,
kwana ɗari shida da tamanin da bakwai.
Mushtari, babban yaya, shekara goma sha biyu ba kaɗan.
Na lanƙwasa yatsu a duhu:
tun da aka sa wa masaƙa kwaɗo,
tun da jiniyar safe ta yi shiru,
sau biyu kacal ya zaga.
A garinsu, shekaranjiya aka sallame mu.

Sai ta ce Zuhal, mai zobe,
shekara ashirin da tara da rabi.
Na ce, maimaita.
Ta maimaita.

Daga ranar da aka kawo Lantana da fanteka da gado mai rumfa
zuwa ranar da muka ɗauke ta a makara,
lissafin kenan, har da rabin.
Haihuwa bakwai, biyu a ƙasa,
ambaliyar da ta cinye mana katanga,
faɗa kan gishiri, shiri kan shayi,
duk a can shekara ɗaya ce.
Damina ɗaya ba ta ishe ni ba, Lantana.

Yarinya ba ta lura ba, ta wuce gaba.
Yuranus, tamanin da huɗu.
Na ce, saura mini goma sha uku in cika masa,
in Mai sama ya ara mini.
Naftun, ɗari da sittin da biyar.
Tun kada na shan hantsi ba mai damun sa,
tun kafin jirgin ƙasa ya fara kuka a kan kogin nan,
yake tafe, bai dawo inda ya tashi ba.
Bai kuma aiko da ƙorafi ba.

Ta rufe littafi, ta ce akwai ƙari:
hasken rana minti takwas yake yi a hanya,
wanda ka gani, ya daɗe da barin gida.
Na ce, haka labarin kuɗinmu,
sai dai shi hasken yana isowa.

Yara suka yi ihu a layi, an kawo wuta.
Ta suri takalmi ta yi ɗaki wajen caji.
Ni na zauna.
Ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmata tana gudu da ni,
ko ruwan buta bai motsa ba.
Na ɗaga kai bisa rufin tsohuwar masaƙa
ina neman mai zoben.
Ban san wanne ne ba.
Na zaɓi ɗaya da ba ya ƙyaftawa,
na ce masa, sannu da hanya.