Niƙa Ba Ƙara

Ruwan Agusta ne ya koro ni ɗakin zane a Samaru,
ba kallo ya kawo ni ba.
Ina karkaɗe hula na gan shi a bango:
ba ja, ba kore,
fensir kawai, da haƙurin mai shi.

Ɗan ɗakin dutse a bakin rafi,
ƙatuwar ƙafar katako jingine da shi,
ruwa na zubo mata a kafaɗa, tana juyawa.
A ƙasa an rubuta: maniƙa mai aiki da ruwa.
Lantana Jatau, 'yar aji uku.

Na matsa har numfashina ya dusashe gilashin.
Yarinyar nan ba ta yi wa dutse ko ɗaya ƙarya ba.
Ga gansakuka inda rana ba ta kaiwa,
ga ƙusar da tsatsa ta ci wa kai,
ga katakon da ya tsage aka ɗaure shi da waya.
Inda ruwa ke kumfa kuwa, ta ɗage hannu,
ta bar farin takarda ya yi magana.

Ni ɗan mai injin niƙa ne.
Shekara ashirin da biyu babana a Tudun Jukun,
gari a gira, baƙin mai a farce,
bel ya tsinke, a ɗinke,
gas ya yi tsada, mata su yi tsaki su sauke ƙwarya.
Injin ya niƙe masara, ya niƙe dawa,
ya haɗa da kunnuwansa.
Da ya tsufa, sai an dafa shi yake amsa sallama.

Ashe akwai inda rafi ke ɗaukar wannan wahala?
Ashe ana niƙa, mutum na jin kukan kurciya?

A bakin ƙofar ta zana buhu ɗaya, a buɗe,
mai shi ba ya nan.
Na ce a raina: ya zagaya alwala,
yanzu zai fito,
in kira shi a hankali, ya juyo.

"Malam, ba a taɓawa," in ji mai gadi.
Ban san na ɗora yatsa ba.

Da na fito ruwa ya tsagaita.
Kubanni ta cika, ta yi jajir,
tana ta gudu abinta,
ba wanda ya ba ta ko mudu ɗaya ta niƙa.