Jikka Casa'in

Jikka casa'in na ƙulle cikin ƙyalle,
ladan lissafin ayar bana.
Na hau kabu-kabu daga Bagalam
har bakin Babbar Kasuwa,
inda Tsahiru ke zaune tsakanin wayoyi
kamar gizo a tsakiyar saƙa.

Na ce, "Ba ta gayu nake nema ba.
Kwamfutar tebur, mai zama inda aka aje ta,
wadda ba ta bin mutum biki ko suna.
Buhu nawa ya shigo, nawa ya nufi Ɗan Isa,
wa ya biya, wa ya ce sai Jumma'a,
aikinta ke nan."
Sai na yi tari, na sassauta murya:
"Da ɗan ƙwallo, in dare ya raba."

Ya yi dariya har haƙorin Makka ya leƙo.
Ya yaye ƙyalle daga kan wata baƙa
mai cikin gilashi, fanka uku,
fitilu na zagaye kamar daren salla.
"Nawa?"
"Ɗari shida."
Na gaishe ta yadda ake gaida manya,
daga nesa, hannu a ƙirji,
ban tambayi lafiyar iyalinta ba.

Ta biyu, jikka arba'in.
Ya latsa, ta yi gurnanin injin niƙa.
Mai shayi ya kawo na fari, muka shanye,
ya kawo na biyu, ba ta buɗe ido ba.
Na ce, "Wannan uwata ce, Tsahiru.
Ba ni sa ta aiki."

Can ƙasa, bayan kwali,
wata toka-toka, ƴar gwanjo,
da tabo a gefe kamar wadda ta sha kaye,
da ragowar takardar wani ofis na bayan teku
wanda ba mu iya karanta sunansa ba.
Giga takwas, in ji shi,
ma'ajiyarta ba ta ƙara, ba ta juyawa.
Katin hoto fa? Babu.
Amma ya kwance murfi, ya nuna mini gurbinsa,
fili ne an kewaye, ba a gina ba.
Na san irin wannan fili.
Ina da guda a hanyar Tibiri, shekara tara.

Na ce a gwada.
Lissafi ya buɗe kafin in gyara hula.
Ƙwallo kuwa sai da muka rage mata kaya:
ciyawa ta koma tabarma,
ƴan kallo suka zama tsabar gero,
mai tsaron gida ba shi da hanci.
Amma da na buga, ta shiga raga.

Saba'in, har da allo da linzami.
Albarka. Na miƙe. Ya ja rigata.
Sallama.

Saura ashirin, ga hanya ta rabu.
Ga abin wasa mai maɓallai, yana sheƙi a leda,
ga akwatin riƙe wuta, mummuna, nauyin turmi.
Na tuna ranar da wuta ta ɗauke
a shagon Ɗan Jimmo, inda nake haya da awa,
buhu ɗari biyu suka bi iska
ba tare da an buɗe sito ba.
Na ɗauki turmin.

Yanzu tana kusurwar ɗaki, Baraka ta ɗinka mata riga.
Da rana ni ne malamin lissafi.
Da dare Zulai, ƴar aji shida,
da yatsu huɗu a kan haruffa,
tana ci na huɗu ba ko ɗaya.

Jiya, minti tamanin da tara,
alƙali ya ba ni bugun daga kai sai mai gida.
Unguwa ta yi duhu ɗif.
Akwati ya fara kuka, ƙit, ƙit,
ga lissafin Alhaji Na-Allah a buɗe, ban adana ba.

Lissafin na fara adanawa.
Allah shaida, da ƙyar.