Shafi na Goma Sha Bakwai

Tanderun babana ya mutu ran Talata da asuba,
ƙullun burodi ɗari biyu na kan katako yana kumbura.
Ya daɗe yana tari kamar tsohon da ya ƙi asibiti,
ran nan ko tarin bai yi ba.
Baba ya dafa murfinsa, ya ce da harshen Bosniya:
"Shekara ashirin da ɗaya. Ka yi ƙoƙari."

Kuɗin sabo dala dubu tamanin.
Na faɗa masa a hankali, kamar mai kai saƙon rasuwa.

A titin Gravois, nan St. Louis, akwai banki mai ƙofar gilashi,
da wata Madam Oberle mai rataye tabarau a wuya.
Ta ce akwai rance na masu ƙananan sana'a,
gwamnati ce ke tsaya masa.
Na juya zancen zuwa harshenmu,
fuskar Baba ta washe kamar an yaye labule:
"Gwamnati za ta tsaya min? Ni Ekrem?
Wadda na sani a can, a kaina ta tsaya."

Sai takardu.
Harajin shekara uku, rasit na kowane buhun fulawa,
da shaidar cewa mu ƙanana ne.
Allah Sarki, ashe ƙanƙanta ma sai da hujja.
Suka nemi tsarin kasuwancin gaba,
Baba ya ce, "Rubuta: in tashi ƙarfe uku, in gasa, in sayar."
Na ja wannan magana har ta cika shafi tara.

Mako shida muna aron tanderun Khương, mai gidan abinci a kwana,
daga sha biyun dare zuwa huɗu.
Muna tura farantai cikin dusar ƙanƙara,
burodi na hucewa kafin mu tsallaka titi.
Zanen aro ba ya rufe katara,
amma ya fi tsiraici.

Ran sa hannu na iso shafi na goma sha bakwai,
na karanta, na sake karantawa.
Ashe inuwar ta banki ce.
In muka faɗi, gwamnati ta share masa hawaye,
mu kuwa gidanmu ne jingina,
har da itacen tuffar da Mama ta dasa a baya.

Tafinta na iya haɗiye layi guda,
ba mai ganin wucewarsa a maƙogwaro.
Na san akwai wani makulli a aljihun tebur ɗin Baba,
na wani gida a bakin kogin Sana
wanda ƙofarsa ta ƙone kafin a haife ni.
Na dubi takardar, na dubi hannunsa.
Na faɗa masa duka.

Shiru.
Madam Oberle ta turo kofin ruwa, bai taɓa ba.
Can ya ce, "Senada,
wancan gidan ba wanda ya tambaye ni.
Wannan aƙalla an miƙo min alƙalami."

Ya sa hannu wuri goma sha ɗaya.
Garin fulawa ya zubo daga bakin rigarsa kan layin ƙarshe,
Madam ba ta hure ba, haka ta rufe fayil.

Sabon tanderu ya iso da bazara,
farin ƙarfe, ba ya tari, ba ya gardama.
Mama ta yi lissafinta a bayan ambulan:
burodi arba'in na farko kowace safiya na banki ne,
na arba'in da ɗaya shi ne namu.
Tana ajiye shi gefe, mu karya da shi.

Har yau Baba bai yi wa sabon magana ba.
Na tambaye shi dalili, ya goge hannu ya ce,
"Baƙo ne tukuna.
Bari ya shekara goma, in ya zama nawa, sai mu gaisa."