Gida Mai Lamba Tara

Ni ce mai lissafin albashi
a masana'antar tace shara, bayan tashar jirgin ƙasa,
inda bel ke gudu tun asuba
ɗauke da abin da garin Hull ya ci ya rage:
gwangwanin wake, robar madara, jaridar jiya,
takalmi wari ɗaya.

Sunana Glenys. Shekara goma sha bakwai
ina sanin mutane ta lambobinsu.

Ran wata Alhamis, ana yayyafi,
shayina ya huce a gefen kwamfuta,
idona ya maƙale a layi guda:
gida mai lamba tara.
Na gangara ƙasa, lamba tara.
Na ƙara gangarawa, lamba tara.
Mutum goma sha ɗaya a gida mai ɗaki biyu,
na san unguwar, can ƙanwata ta taɓa haya.
Asusun banki uku kacal.
Lambar waya ɗaya.
Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na sa hular kwano na sauka.
Ƙara ta cika wurin, wari ya riƙe maƙogwaro.
Costel ne na huɗu a jeri,
safar hannunsa ta yage, yatsa biyu a waje.
Na ga ya tsinci guntun burodi daga kan bel,
ya kaɗe shi a cinya,
ya tura aljihu bai ɗaga kai ba.

Na ce, yaya aiki?
Kafin ya buɗe baki wani ya amsa,
mai farar mota, mai kawo su da safe,
mai kwashe su da dare:
"Ba ya jin Turanci. Ni ne bakinsa."
Ashe shi ne kuma aljihunsa.

Manaja ya ce, "Glenys, ba namu ba ne,
na kamfanin da ke kawo mana 'yan ƙwadago ne."
A bayansa, cikin gilashi,
takardar alkawarinmu tana rataye,
wadda ake sa wa hannu duk shekara
cewa babu bauta a ƙarƙashin wannan rufi.
Na dubi takardar. Ƙura ta yi mata gira.

A motata na buga wayar,
hannuna na rawa kamar ni ce ɓarauniyar.

Da aka zo, an rufe ƙofa,
aka bar mai farar mota a waje,
tafinta na magana ta cikin waya.
Costel ya daɗe yana kallon tebur.
Sai maganar ta ɓalle:
fasfo ɗinsa na cikin akwatin wani,
bashin kuɗin mota daga Vaslui
kullum ana biya, kullum yana ƙiba,
fam ashirin a mako, katifa a kan siminti,
da hoton 'yarsa Ilinca
da aka nuna masa sau ɗaya, ba a ce komai ba.

Tara sun yi magana.
Biyu sun ɓace kafin gari ya waye.
Har yau sunayensu na cikin kundina,
Nelu da Doina,
da albashin kwana shida da ba wanda ya zo karɓa.

Yanzu kowane sabon ma'aikaci
shi kaɗai yake shiga ofishina,
katin bankinsa a hannunsa, takardarsa da harshensa.
Duk ƙarshen wata nakan bi adireshi ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Amma da yamma, in na tsaya a taga,
ina ganin dammunan roba ana loda wa tirela,
za su tashar jiragen ruwa,
za su ƙasar da ban taɓa takawa ba.
Can ma wani zai yanke wayar ɗaurin,
ya zuba hannu cikin sharar garinmu.
Ban san sunansa ba.
Ban san wa ke amsa masa tambaya ba.
Na rubuta wa mai sayen wasiƙa ta uku,
ina jiran amsa.